Ranar da Na Zubar da Kalwar Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a farkon aurena waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari kafin su dawo, amma abin da ya shiga tsakanina da surukata a kan ƙwarya guda ta kalwa, wannan kam har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Shekara goma sha shida ke nan, amma duk sanda na ba da labarin sai na yi dariya, kuma sai kunyar ta dawo mini sabuwa.

A Birnin Kebbi aka haife ni, a gidan malamai. Na yi allo, na yi boko har na zama malamar firamare. Girki na iya daidai gwargwado, sai dai duk abin da ke shiga tukunyarmu daga kasuwa yake zuwa. Daddawa na san ta, kullum muna sa ta a miya, amma baƙa na san ta, busasshiya, an mulmula an jera a faifai. Ban taɓa tambayar kaina yadda take kafin ta zama haka ba.

Aure ya kai ni Argungu. Mijina manomin shinkafa ne, da rani a fadama yake wuni, don haka in na taso daga makaranta ni da mahaifiyarsa muke zama a gida. Inna muke ce mata. Doguwar mace ce marar yawan magana. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, amma tsoronta nake ji, don in ta dube ka ta yi shiru sai ka fara binciken kanka ko ka yi wani laifi. Malama take kirana, ni kuwa na rasa gane girmamawa ce ko zolaya.

Wata Asabar a farkon bazara, ina wata uku a gidan, Inna ta tafi Gulma gaisuwar rasuwa. Sai na ce yau zan nuna mata cewa 'yan birni ma sun iya aiki. Na share tsakar gida, na wanke randuna, na kakkaɓe tabarmi, daga nan na shiga ɗan ɗakin da take ajiyar hatsi. Ina shiga wani wari ya buge ni. Na bi shi har lungu, na tarar da wata babbar ƙwarya an lulluɓe ta da ganye da tsofaffin buhuna. Na yaye, sai ga wani abu kamar dafaffen wake, ya yi ɗumi, ya yi yauƙi, warinsa har cikin ido. Na ce a raina, tsufa ke nan, Inna ta dafa wake ta manta da shi har ya ruɓe. Na toshe hanci da gefen mayafi, na kai juji na juye. Na wanke ƙwaryar da sabulu har sau uku, na kife ta a kan katanga inda Inna za ta gani da ta shigo.

Ta kuwa gani. Da la'asar ta dawo, na tare ta da ruwa, ba ta ko kai kofin baki ba idonta ya sauka kan katanga.

"Malama, ina abin da ke cikin wagga ƙwarya?"

Na ba ta amsa da fara'ata, har ina jiran a sa mini albarka. Na ce waken ya lalace, na zubar. Ta ajiye kofin, ta fita zuwa juji. Na leƙa ta ƙofa na gan ta tsaye, kaji sun riga sun tone abin sun watsa shi cikin toka da shara. Ta ɗan jima a wurin, sannan ta dawo ta yi alwala ta shiga ɗaki.

Sai da mijina ya dawo ya yi mini bayani. Ba wake ba ne, kalwa ce, wato 'ya'yan ɗorawa, kuma warin nan shi ne alamar ta kusa zama daddawa. Washegari za a buɗe ta. Ita ce ragowar kalwar bara gaba ɗaya, Inna ta ɓoye ta musamman don ƙanwarsa da ke aure a Augie, wadda ke cikin watan haihuwarta ta fari. Ya ce daga itacen mahaifiyar Inna aka samo ta, kuma duk macen da ta haihu a zuriyarsu da daddawar itacen nan take jego.

Da safe na je na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan shiga kasuwa in sayo mata mai kyau, ko nawa take so.

"Kasuwa cike take da daddawa, Malama," in ji ta. "Da ta kasuwa nika so, da ban wahal da kaina ba. Tashi, ba komai."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kwana tara muka yi a haka. Ina gaishe ta tana amsawa, ina kai mata abinci tana ci, amma magana ba ta wuce nan. Rana ta goma, bayan an yi mana hutun makaranta, ta ce in shirya, gobe da sassafe za mu gona.

Gonar na kan tudu, ta hanyar Gulma, tafiyar kusan awa guda a ƙafa. Tun daga nesa na hango itacen, ƙato, ya baje rassa, 'ya'yan sun sauko tuli-tuli kamar an rataya su. Inna ta ce gonar yanzu ta 'ya'yan yayanta ce, amma ɗorawar tata ce, ita mahaifiyarta ta bar wa, kuma ba mai taɓa ta sai da saninta. Ba duka 'ya'yan itacen suka nuna ba, sai ɓangaren da rana ta fi duka. Ta ɓalle ɗaya ta karya, ya yi ƙas, ga gari rawaya a ciki. Ta miƙo mini. Na sa a baki, ashe zaƙi gare shi. Ta ce shekarar da hatsi ya yi wuya suna yara, wannan garin ake dama musu su sha su wuni.

Ta ba ni doguwar gora mai ƙugiya, ni ke fizgowa ita tana tarawa. Kafin hantsi wuyana ya ƙage, tururuwa na zubo mini a ka, zufa na shiga ido. Ban yi ƙorafi ba, ina ganin hukuncina ne nake karɓa. Da muka cika buhu biyu, ta zaro wuƙa ta yanki ɓawon jikin itacen kamar faɗin tafin hannu, ta kwaɓa ƙasa ta shafe wurin da ta yanka, ta ƙulle ɓawon a bakin zane. Na so in tambaye ta na mene ne, amma na haɗiye. Mijina ya zo da mashin ya kwashe buhunan.

A kwanakin da suka biyo baya na gane ban san komai ba game da abin da nake sa wa miya tun ina yarinya. Muka ɓare, muka daka, muka tankaɗe garin muka ajiye. Muka kai kalwar gulbi muka wanke, muka shanya. Kwasfar ma da na tattara zan kai juji, Inna ta tare ni da hannu kawai, ta zuba ta a tsohuwar tukunya ta jiƙa. Ruwanta ne makuba, da shi daga baya ta gyara daɓen ɗakinta da gindin katanga don kada ruwan damina ya ci. Sannan aka ɗora kalwa a wuta, wuni guda cur tana dahuwa ana ƙara ruwa, don tauri gare ta kamar tsakuwa. Bayan nan sai surfe da toka, a fitar da baƙar fatar.

Surfen ne ya kayar da ni. Hannuna ba su saba da taɓarya ba, tafukan suka yi ƙuraje masu ruwa, suka fashe. Na naɗe su da tsumma na ci gaba, ina ɓoyewa. Da azahar Inna ta ce in ajiye taɓaryar in zo. Na same ta a inuwa da ƙaramar roba a gabanta, cike da wani ruwa ja-ja mai ɗumi. Ɓawon nan ne ta dafa. Ta kwance tsumman da kanta, ta kama hannuna biyu ta tsoma. Zafi ya ratsa ni har ƙwalla ta fito, amma ba ta sake ni ba.

"Tun ranar da munka je gona na san haka za a yi," ta ce. "Don ke na yanko shi."

Ban san sanda na fara kuka ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ba kalwar ce ta fi yi mata ciwo ba, kalwa Allah na kawo wata kowace shekara. Abin da ya tsaya mata shi ne na ga abu a ɗakinta, ban jira ta dawo na tambaye ta ba, na yanke cewa ƙazanta ce. Ta ce tun da aka kawo ni take jin nauyina, ɗiyar malamai, mai boko, tana zaton ina raina irin zamansu, ranar nan kuwa sai ta ce to ga shi ta tabbata.

Na ce, "Inna, ni fa tsoronki nake ji. Don in burge ki na yi sharar."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har tana share ido da bakin zane. Ta ce ashe wata uku muka yi muna tsoron juna a gida ɗaya. Safe da yamma ta riƙa jiƙa mini hannun, ita ta ƙarasa surfen, cikin 'yan kwanaki wurin ya bushe.

Muka sake dafa kalwar da 'yar kanwa, muka tsane ta, muka zuba a ƙwarya da zafinta muka lulluɓe. A ranar ce da yamma aka bugo waya daga Augie cewa ƙanwar mijina ta sauka lafiya, an sami mace. Dole Inna ta tafi ta zauna da ita. Tana ɗaura kaya ta ce ta bar mini ƙwaryar, kada in buɗe sai kwana uku sun cika, in na ga tana yauƙi tana jan zare in daka, in mulmula, in shanya. Na ce in kuma ta lalace fa? Ta ce to sai a ce mu biyu muka lalata.

Kwana ukun nan ko kaza ban bari ta kusanci ɗakin ba. Na kira Inna a wayar surukinta ya fi sau goma: buhunan sun isa ko in ƙara, ɗumin da nake ji ta waje daidai ne, in ƙofar ta zauna a rufe ko a buɗe. Duk tambayar da na yi sai ta amsa a natse, wani lokaci ina jin matan gidan na dariya a bayanta. Rana ta uku na yi bisimilla na yaye. Na sa cokali na ɗaga, zare ya biyo shi. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Na daka, na mulmula, ranar bazara ta busar da ita cikin kwana biyu. Rabi na bari haka, rabi na haɗa da barkono da citta da kanumfari na daka yajin jego, yadda Inna ta faɗa mini a waya. Ana gobe suna muka isa Augie. Tsofaffin gidan na zaune a tsakar gida, Inna ta karɓi kwanon ta buɗe a gabansu, ta gutsuri daddawar ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Ku ji wagga," ta ce. "Ɗiyata ta yi ta, ita kaɗai."

Da daddawar nan aka yi wa maijego farfesu har ta yi arba'in. Inna na nan da ranta, ta tsufa, ba ta iya tafiyar gona, ni ke zuwa da 'ya'yana mata duk bazara, mu kawo ta zauna tana ba da umarni.

Abin da na koya shi ne, yawancin ɓarnar da mutum ke yi a gidan da ya shiga baƙo ba da mugun nufi yake yin ta ba, da niyyar gyara yake yi, don yana ganin ya riga ya sani. Kuma shirun da ke tsakanin mutum biyu, kowa da abin da yake cika shi da shi a ransa, galibi kuwa ba daidai ba. Tun daga lokacin, in na ga abin da ban gane ba, a gida ne ko a wurin aiki ko a halin wani, nakan riƙe hannuna in buɗe bakina in tambaya. Tambaya ba ta taɓa rage mini daraja ba, sai ma mutane da ta jawo mini kusa.