Hannun Lawal da Bayan Malam

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Lawal, ƙanin mijina, amma har yau in turmi ya faɗi a kan daɓe sai gabana ya faɗi, domin da irin wannan ƙarar abin ya fara. Ina tankaɗe na ji "dim!" daga zaure. Ashe Lawal ne ya cika gwangwanayen fenti biyu da ragowar simintin gine-ginen GRA, ya soka musu bututun ƙarfe. Lokacin kuɗin mai ne, siminti ko'ina, samarin Ƙofar Durbi kowa na son a ce shi ƙaƙƙarfa ne.

Wasan shi ne a ɗaga ƙarfen daga ƙasa a miƙe tsaye. Malam, mijina, ya fi Lawal ƙirji da dantse nesa ba kusa ba. Amma ni ke ɗinka musu riguna, na san abin da Allah ya ba kowa. Hannun Lawal na kusa da gwiwarsa, gangar jikinsa gajeriya. Ɗan sunkuyo kaɗan ya kama ƙarfen, bayansa a miƙe. Malam kuwa dogon baya gare shi da gajeren hannu, sai ya duƙa kamar mai ruku'u kafin yatsunsa su kai.

Ɗanmu Abba, yana ɗan shekara shida, ya daina tarbar ubansa in ya dawo ofis. Yana zaure yana tafa wa Baba Lawal. Na yi istigfari ba adadi, kishin bai tafi ba.

Wata Juma'a Malam ya zo zai ɗaga ƙarfen, Lawal ya ce, "Yaya, buɗe ƙafa mana, wanga ƙarfe ba a yi mashi ladabi!" Malam ya ga yaron na kallo, ya ƙi. Ya tsuke ƙafa yadda Lawal ke yi, ya ja. Ƙarfen ya tashi, bayansa kuwa ya tafi. Har ya bar duniya a zaune yake sallah.

Yanzu an ce a gidajen motsa jiki ana duba tsawon hannun mutum da na bayansa kafin a nuna masa tsayuwar da ta dace da shi. Na san da Lawal na nan dariya zai yi, ya ce ai ya faɗa. Ya faɗa ɗin, Allah ya jiƙansa. Shi ya yi ta kai Malam asibiti a babur, bai sake taɓa ƙarfen ba. Duk da haka in an zauna hira, ƙarfinsa ake tunawa, ba a tuna wanda ya karye don ɗansa ya dube shi.

Jiya ina gwada wa ɗan Abba rigar Sallah, na ga sai na ƙara hannun. Yaron ya miƙe hannuwansa yana murna, ya ce, "Hajiya, Baba ya ce hannun Baba Lawal na gado. Shi Malam mi ya bar mani?"