Fuskar Torkwato a Bangon Coci

Ermete mai zanen bango ne a Tarastebere, can ƙetaren kogi a birnin Roma. Ba shi da yawan magana, amma ba ya mantuwa. Ƙanensa Nazareno ya nutse a kogin Tiber yana saurayi. Torkwato mai gidan burodi, shugaban ƙungiyar masu ɗaukar gawa ta cocin unguwa, ya rantse wai da gangan yaron ya faɗa ruwa. Saboda maganarsa aka binne Nazareno ba addu'a, ba ƙararrawa, kamar yadda ake yi wa wanda ya kashe kansa. Ermete ya ci gaba da sayen burodinsa a wurin Torkwato.

Shekaru suka ja, sai Fada Sisto, limamin cocin, ya ba shi aikin zana fafaromomin farko a bangon cocin, a jere: Bitrus, Linus, Kiletus, Kilemen, Anakiletus. Ba wanda ya san kamanninsu, shi ya sa masu zane kan ari fuskokin 'yan unguwa. Da Fada yake nuna masa wurin, ya ce malamai na ta gardama, wasu na ganin Kiletus da Anakiletus mutum ɗaya ne aka raba biyu, wata rana ma a cire na biyun.

Ermete ya riƙe wannan.

Torkwato ya zo gindin tsani da kwandon burodi mai zafi.

"Maigida Ermete, dubi hancin nan nawa. Ai na Bitrus ne!"

"Bitrus masunci ne, ramamme. Kai kuwa tumbinka ya riga ka shiga coci. Anakiletus zan ba ka, ya fi kusa da taga."

Ya zana shi da kyau, har tawadar da ke kumatunsa. Torkwato ya dinga jan baƙi yana nuna musu kansa. Jikokinsa ma a ƙarƙashin hoton aka yi musu baftisma. 'Yan kasuwa kan ce masa, "Mai tsarki, burodin yau ya ƙone!" shi kuma yana washe baki.

Ermete ya jira har gemunsa ya yi fari fat. Ran nan sabon fada ya ce manya sun tsai da magana, Anakiletus shi ne Kiletus, a shafe hoton. Ya so ya kira wani mai zanen, ganin ƙafafun tsohon na rawa. Ermete ya ce ko da rarrafe shi zai hau.

Ya zaɓi Lahadi bayan sujada, mutane ba su watse ba. Ya dama farar ƙasa a bokiti, ya hau a hankali.

Torkwato ya dogaro sandarsa ya zo gindin tsani.

"Ermete, don girman Allah! Gobe-gobe zan mutu. Nan kaɗai jikokina za su gan ni."

"Mutumin nan bai taɓa wanzuwa ba, mai burodi. Ba ni na faɗa ba."

"To, bar mini idanun kawai."

Ermete ya tsoma buroshi. Da idanun ya fara.