Lambar Motar Indiana

Lavonne Pettiford a hawa na uku take a gidan hayarmu da ke kudancin Chicago, ni ina ƙasa, tun kafin maigidana ya rasu. Wanki take yi a asibiti, amma a unguwa da buga ƙofa aka san ta. In mai gidan hayar ya kashe mana na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu, ita ce ke bi ɗaki-ɗaki, ta tara mu a zauren coci, ta sa kowa ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Ba ta iya dogon jawabi ba. Zama take yi ta saurari mutum, har ya ji kunya ya ce zai zo.

Wata ƙungiyar 'yan haya ta so ɗaukar ta aiki da albashi, ta huta da wankin da ya cinye mata hannuwa. Sai dai masu tallafa musu sun ce sai mai digiri, ko wanda ya riga ya fara. Aka ce za a jira ta zuwa kaka.

Ta riƙa zuwa kicin ɗina da waya, tana karanto mini kuɗin makarantu, ni kuwa ina yanka ganye ina cewa Ubangiji ya ji ƙanmu. Da ƙyar ta samo wata jami'ar gwamnati da ke koyar da haɗa kan al'umma da kare haƙƙinsu, darasin yamma, da rangwame ga 'yan jiha. Ranar har rawa ta taka mini.

To, a layinmu motoci da yawa lambar Indiyana ke jikinsu. Inshora ta fi sauƙi a can, sai mutum ya ari adireshin ɗan'uwa. Ƙanenta Cleophus ne ya zuga ta shekarun baya, ta mayar da lambar motarta da lasin tuƙinta gidan goggonsu a garin Gary da ke can. Jami'a ta duba lasin, ta ce ita ba 'yar jiharmu ta Illinois ba ce. Ko ta biya kuɗin baƙi, wanda ya ninka, ko ta gyara takardu ta jira baɗi.

Ta zo kicin ɗina ta zauna a kujerar marigayi maigidana, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Mama Odessa, a bayan layin nan aka haife ni. Wai ni ce baƙuwa."

Cleophus, da ya biyo ta, ya ce kowa ma haka yake yi, har dikon coci.

Ta juyo ta ce masa, "Dikon coci digiri yake nema, sarkin dabara?"

Ya ɗauki burodin masara ya fita.

Lavonne ta yi ta zirga-zirga ofishin jami'ar. Ba wanda ya wulaƙanta ta, ba kuma wanda ya buɗe mata. Kaka ta zo, ƙungiya ta ɗauki wata daban.

Na ce mata tunda sun ce 'yar Indiyana ce, ta nemi jami'ar can mana. Ta ce ai ta je. Su kuma sun tambayi inda take kwana da inda take biyan haraji, suka ce 'yar Illinois ce.

Yanzu ta ƙara awannin wanki. Ranar Lahadi a coci a baya take zama, hannuwanta cikin aljihu, ta fice kafin a gama waƙar ƙarshe. Ina sa sunanta a addu'a, amma ban san me zan roƙa mata ba.