Abin da Almakashi Ta Yanke

A sashen binciken murya da haɗiya na asibitinmu, in ka ce kana neman Hiske Bouma sai an tsaya tunani. Amma ka ce Almakashi, ko mai goge tagogi zai nuna maka ƙofarta. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba, wani daɗi ma take ji.

Ubanta mai sharar coci ne a wani ƙauye da ke bayan bangon tare teku, mutumin da ko ganye ɗaya ya faɗo a farfajiya sai ya ji kamar an zage shi. A hannunsa ta koyi cewa duk abin da ba a buƙata datti ne. Ta haura hamsin ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa nuna wa kowa ta rasa wani abu ba. Kullum tana bisa kekenta, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da burodi da cuku a naɗe cikin jaka. Ba ta makara, ba ta gulma, ba ta cin bashin gaisuwa. Kai, mace ce da za ka yaba amma ba za ka yi marmarin kai mata ziyara ba.

Aikinta ɗaukar murya. Likitocin sashen suna bin masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suna so su gano ko murya tana fara canzawa kafin haɗiya ta lalace, don a san wanda ke dab da shaƙewa tun abinci bai fara bin hanyar huhu ba. Sai Hiske ta shigar da majinyaci wani ɗan ɗaki mai bangon soso, ta zauna a bayan gilashi, ta ce masa, "Ja numfashi, ka ce aaa har iskarka ta ƙare." Shi ke nan abin da bincike ke so. Sauran, wato tari da gaisuwa da surutu, dokar aiki ta ce a goge, musamman inda aka ambaci sunan wani, don a rufa wa majinyaci asiri. Kowace murya lamba ake ba ta. Doka ce mai kyau, babu mai musu, kuma babu wanda ya riƙe ta da hannu biyu kamar Hiske.

Ta ƙware har ta daina saurare. A fuskar kwamfuta, aaa yakan fito sumul, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, magana kuwa tana fitowa tsittsinke kamar haƙoran zarto. Ido kawai take sawa ta datse nan ta datse can, kafin abokan aikinta su gama sa abin sauraro a kunne.

Wata safiya cikin kaka aka kawo mata Douwe, wani ƙaton dattijo mai kiwon shanun madara, da matarsa Aukje, 'yar tsamurmura mai riƙe da jaka a ƙirji. Ciwon nan mai cinye tsoka a hankali ne ya kama shi. A lokacin bai fi ɗan nauyin harshe ba, da ƙwarewa in ya kurɓi kofi.

"Aaa?" in ji Douwe, da ta gaya masa abin da zai yi. "'Yar nan, ni da nake kiran shanu daga wancan ƙarshen fadama su taho a guje, yau ni za a sa kukan tunkiya?"

"Baba, aaa kawai."

"Kunna abin naki tukuna, ki ji murya."

Ta kunna. Ai kuwa ya buɗe maƙogwaro ya shiga kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har gilashin na rawa. Ya juyo wajen matarsa ya ƙwala kiran da yake yi mata kowace yamma daga bakin garke: "Aukje! Ke Aukje! Ɗora kofi, ga ni nan tafe!" Bai tsaya nan ba, sai ga labarin yadda suka haɗu suna samari, shekarar da magudanar ruwa ta daskare, kowa ya fito gudun kan ƙanƙara, wai ta faɗi tim a gabansa ya ɗaga ta.

"Ƙarya kake, tsoho!" in ji Aukje daga bayan gilashi. "Kai ka faɗi, har wandonka ya yage!"

Hiske ta dara, ko da yake idonta na kan agogo. Daga ƙarshe ya yi mata aaa ɗin, dogo, cikakke, yana gamawa ya fashe da dariya.

A bakin ƙofa Aukje ta riƙo hannun rigarta, ta rage murya. "'Yar nan, wannan shirmen nasa ya shiga?"

"Ya shiga, Inna."

"To ki adana min. Likita ya gaya min abin da ke tafe. Shi bai yarda ya ji ba, ni na ji. Muryar ce za ta fara tafiya."

"Kada ki damu, Inna."

Kuma da hanya, wallahi da hanya. Ba ta fi Hiske ta sanar da babban likita ba, a nemi yardar Douwe, a kwafa a ba iyali kafin a goge. Ta yi niyya. Amma ranar Juma'a muryoyi suka taru mata, duk lambobi, babu suna ko ɗaya. Ta bi su da ido kamar yadda ta saba, sumul ta bari, haƙoran zarto ta datse. Akwai wanda zartonsa ya yi tsawo ƙwarai, har ta yi tsaki ta ce wannan kam ya cika surutu.

Tana kan gada a hanyar gida abin ya faɗo mata. Ta taka burki da ƙarfi har na bayanta ya kusa hawa kanta, ya wuce yana zaginta. Ta juya ta koma a sukwane. A banza. An gina na'urar ne don abin da aka goge ya tafi har abada, kuma da aka zo kafa ta, Hiske ce ta fi kowa nacewa a yi haka.

To, kuskure dai kowa na yi. Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyar. Douwe ya ci gaba da zuwa lokaci-lokaci, harshen na ƙara nauyi, amma da sauran magana a bakinsa. Da ta buɗe baki ta ce na yi ɓarna, da an zaunar da shi an ɗauki abin da ya rage. Ina! Almakashi ce fa, wadda ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Duk zuwa sai Aukje ta ɗan matso ta ce, "Yana nan ko?" Ita kuma ta ce, "Yana nan, Inna." Kowane zuwa ta ce sai na gaba za ta faɗa. Burodinta ya riƙa komawa gida yadda ya zo.

Kafin sanyin hunturu ya wuce shanu su sake fita ciyawa, Douwe ya daina zuwa. Haɗiya ta gagara, aka sa masa robar abinci ta ciki, magana kuma ta ɗauke ɗif.

Sai ga wayar Aukje, muryarta har rawa take don murna. An ba shi allon nan mai magana, wanda yake taɓawa da yatsa ya furta abin da ya rubuta. Masu haɗa shi sun ce in akwai maganarsa ta da, mai tsabta, za su iya sa allon ya yi magana da muryarsa. Sun duba wayoyin gida kaf, ba a samu komai ba sai iska da kukan shanu, don Douwe ba mai son a ɗauke shi ba ne. "Sai na ce musu ai muna da shi a ajiye," in ji Aukje. "Yaushe za ki kawo?"

Hiske ta nemi izinin likita aka ba ta abin da ya rage, ta sa a kwamfutarta. Ranar Asabar ta hau motar ƙauye, ta sauka ta taka sauran hanyar cikin iska, tana addu'ar kada ta isa.

Ta tarar da Douwe a kujera bakin taga, ya zube ya zama rabin mutumin da ta sani, da tawul a ƙirji saboda yawu. Idanun ne kawai ba su canza ba. Aukje ta zuba kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙa mata, Hiske ta ɗauki ɗaya, aka rufe aka mayar kan kabad. Sannan ta tsoma wani ɗan soso a nata kofin ta shafa wa mijin a leɓe, don ya ji ɗanɗano kawai.

"To, 'yar nan, ina kayanmu?"

Biskit ɗin na hannun Hiske, ta kasa kai shi baki. "Inna, babu. Na goge."

"Kin me?"

"Tun makon da kuka fara zuwa. Ban saurara ba, na yanke. Aaa ɗin kaɗai ya rage."

Aukje ta ajiye soson a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Tun makon farko. Ni kuma ina ta tambayarki kina ce min yana nan."

"Haka ne."

"A lokacin yana da bakinsa fa! Da kin faɗa, da ko a kicin ɗin nan na zaunar da shi ya yi ta zuba har ya gaji. Gogewar ba ta dame ni ba, Hiske, kuskuren hannu ne. Amma kin kalli idona."

Kunya ta rufe Hiske tun daga kai har ƙafa, ta ji ta tsani hannayen nan nata masu tsabta.

Sai suka ji ƙwas, ƙwas. Douwe ne ke jan yatsa a kan allo, harafi bayan harafi, ya daɗe yana fama. Allon ya yi magana da muryar wani saurayi ɗan birni, mai santsi, irin ta masu karanta labarai.

"Ba komai, 'yar nan."

Wannan ya fi zagi ciwo. Hawayen da ta riƙe suka zubo. Yatsan ya sake motsi, saurayin ya sake magana, babu hawa babu sauka: "Aukje. Ɗora kofi."

"Ni ba na tashi wa wannan yaron," in ji Aukje, tana share ido da bayan hannu. "Ban san shi ba." Ta juyo ga Hiske. "Kukan tunkiyar, kin zo da shi?"

"Na zo da shi. Amma ba zai ishi masu allon ba."

"Ban tambaye ki masu allo ba. Kunna."

Ta kunna. Muryar Douwe ta cika ɗakin, mai kauri, mai faɗi, ba ta rawa ko kaɗan. Douwe ya lumshe ido. Aukje ta dafa kafaɗarsa, bakinta ya fara buɗewa da murmushi tana jiran abin da ta san yana biye. Sai sautin ya tsaya cak. Babu jan numfashi, babu komai a bayansa.

"Daga nan ya yi dariya," in ji Aukje. "Na tuna. Yana gamawa ya yi dariya."

"Ya yi, Inna."

"Ko ɗan farkonta bai shiga ba?"

Hiske ta dubi allon kwamfutarta. Layin ya ƙare a miƙe, daidai inda ya kamata, ko gashi ɗaya bai wuce ba. A duk sashen babu mai iya yanka haka sai ita.

"Bai shiga ba."

Aukje ta gyaɗa kai, ta jawo kujera ta zauna kusa da mijinta, ba ta sake kallon Hiske ba.

"Sake kunnawa," ta ce.