Randar Maganin Baba

Shekarar da likita a Daura ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe sugan Baba, sai dai allura, a shekarar na nemi a mayar da ni koyarwa kusa da gida. Ƙauyenmu yana gefen Babban Mutum, inda in ka miƙe da tafiya kaɗan za ka tsinci kanka a Nijar ba tare da kowa ya gaya maka ba. Inna ta riga ta rasu. Aurena ya mutu ba haihuwa. Yayana yana Kano da iyalinsa, ƙanena yana kudu yana neman na kansa. Gidan da a da sai an ɗora tukunya biyu kafin kowa ya ƙoshi ya koma daga ni sai Baba sai awaki.

Maganin allurar, insulin, yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, amma ta fi amarya tsirfa. Likita ya ce ba ta son zafi ko kaɗan, firji ne mazauninta. Mu kuwa ko turken lantarki babu a ƙauyenmu. Yaya ya zo daga Kano da hukuncinsa a aljihu: yana da gida a Daura, akwai wuta, akwai janareta, ga asibiti kusa, Baba ya tattara ya koma can.

Baba tsohon falken dabbobi ne, ya ci kasuwanni daga Mashi har cikin Nijar, kuma ba a juya shi kamar waina. Ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya ce, "A gidan nan aka yanke mini cibiya. In kun ga na fita, to a makara ne."

Ni na shiga tsakani. Na ce a ba ni dama, ai ba don ado na karanta kemistiri ba. Na sayo babbar randa da ƙaramar tukunyar ƙasa, na sa ƙaramar cikin babbar, na cika tsakaninsu da yashin rafi, na jiƙa yashin sharkaf, na rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Na girke ta a ƙarƙashin rumfa, daidai inda iska ke ratsowa daga zaure. Na aro ma'aunin zafi daga makaranta na sa a ciki tare da maganin. Da rana tsaka, lokacin da ko kaza ba ta iya taka ƙasa, cikin tukunyar nan ba ya kai digiri talatin. Yaya ya leƙa, ya taɓa, ya taɓe baki. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da maganin ya lalace sau ɗaya, ba sauran magana, Baba zai bar gida. Baba ya ce ya ji. Daga ranar, zaman Baba a gidan ubansa ya rataya a wuyan randa.

Abin da randar ke yi shi ne abin da nake koyarwa a aji, ina shan wahala kafin ya shiga kan yara. Ranar kasuwa nakan sa a sayo mini ƙanƙara, in farfasa ta a gwangwani, in tsoma ma'auni, in ɗora a kan risho. Wuta na ci, ƙanƙara na narkewa, ma'auni kuwa ya kafe a sifiri. Kullum sai an samu mai cewa, "Malama, ma'aunin nan ya mutu." In ce ransa ɗaya da naka, zauna ka kalla. Zafin yana shiga, amma ba ɗumama ruwan yake yi ba tukuna, aikinsa duka ya tafi wajen kwance ƙanƙara ta zama ruwa. Sai ɗan guntun ƙarshe ya narke sannan ma'auni ya fara hawa. In ruwan ya tafasa ya sake tsayawa cak, don yanzu zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi. Ruwa ba ya zama tururi a banza, sai ya ɗebi zafi daga wani wuri. A kan risho wuta ce ke ba shi. A randata kuwa, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin ƙasa yana bin iska, daga cikin tukunya yake satar zafin da zai tashi da shi. Abin da ya bari a baya shi muke kira sanyi.

Ranar da darasin nan ya shiga kan yara nakan dawo gida da daɗi fal a ciki, in rasa wanda zan ba labari. Sa'o'ina duk suna gidajen mazajensu, hirarsu ta goyo ce da suna da biki, in na zauna cikinsu sai a riƙa lallaɓa magana kamar an zo gaida mara lafiya. Na daina zuwa. Baba kuma ba mai yawan magana ba ne, tun rasuwar Inna ma ya ƙara ƙulle bakinsa. Da yamma shi yana zaure da rediyonsa, ni ina tsakar gida ina zuba wa yashi ruwa, ina jin yadda yake tsotsewa. Wani lokaci har magana nake yi wa randar. Ba kunya zan faɗa, kaɗaici ya ci ni a watannin nan, irin wanda ba ka iya kai ƙararsa wurin kowa tunda kai ka zaɓa.

Sau ɗaya na gwada yi wa Baba bayanin yadda abin ke aiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya bar ni na yi nisa, har na kai kan tururi, sai ya ce, "Uwata, ke dai zuba ruwanki. Allah ya yi albarka." Ya mayar da rediyo kunne.

Haka muka ci damina, muka ci sanyi, lafiya lau. Sai bazara ta kama, irin wadda kwano ke ƙara da kansa don zafi, rijiya ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. A tsakiyarta aka kira mu malaman kimiyya Daura, aikin shirya jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, na kusan mako guda. Jeka-ka-dawo ba zai yiwu ba. Mota ba ta shiga ƙauyenmu sai ranar kasuwa, kuma shekarun farkon shari'a ne, bazawara ta hau bayan babur ɗin wani ƙato safe da yamma, kafin ta sauka an gama da ita a majalisa. Na roƙi malamin asibitin ƙauyenmu ya riƙa zuwa yana yi wa Baba allura. Na cika tuluna da ruwa. Na ce wa Baba aikinsa ɗaya ne, da ya ga yashi ya fara bushewa ya zuba.

Har ya ɗan ji haushi. Ya ce, "Ni da na kora garke daga nan har Kongolam ko ɗan maraƙi bai ɓata ba, randa ce za ta gagare ni?"

Na dawo ranar kasuwa bayan azahar, da sabuwar kwalbar magani a cikin fulas mai ƙanƙara. Na tarar da Baba kwance a zaure, abin da ba ya yi da rana. Ya faɗa, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe, ga kwanon sha babu komai a gefensa. Ya ce zafin gari ne kawai, sai ƙishirwa da yawan zagayawa. Na wuce rumfa da gyalena a kafaɗa. Babu randa, sai zagayen gurbinta a ƙasa.

A ɗakin Inna na same ta, ɗakin da ba mu buɗewa. Ƙofa a rufe, taga a toshe. An naɗe ta da ledar cikin buhun taki, an lulluɓa bargo a kai, an ɗaure da igiyar dabbobi, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa. Da na kwance, wani ɗumi mai warin rima ya bugi fuskata. Yashin a jiƙe yake sharaf, amma da ɗumi kamar an sauke daga murhu. Ma'auni ya haura arba'in. Na ɗaga kwalbar a hasken ƙofa, maganin ya yi gudaji-gudaji ya manne a jikin gilashi. Ban san kwana nawa aka yi ana tsira wa Baba ruwan banza ba.

Ina tsugune a wurin na ji takunsa. Ya biyo ni yana dafa bango, fuskarsa a washe.

"Kin ga aikina?" ya ce. "Wahala kawai kike sha, Uwata. Ina zubawa iska na shanyewa, ina zubawa tana shanyewa, ga rijiya ta yi ƙasa. Sai na tuna masu ƙanƙara a kasuwa da azumi. Ai naɗe ta suke yi da buhu da ƙaiƙayi don kada sanyin ya gudu. Tun da na naɗe ta ban ƙara zuba ko ɗigo ba, taɓa ki ji, har yanzu da danshinta. Kin huta da jan guga."

Ina da zuciya, duk gidanmu an sani. Maganganu sun taru mini a baki, masu zafi, na haɗiye su da ƙyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙanƙara naɗe ta ake yi, don a tare zafin waje kada ya kai gare ta ya narkar da ita. Amma randa ba ta da wani sanyi a ajiye da za a tsare. Tana yin sa ne a kowane lokaci, da ruwan da take rasawa. Ya ga ruwa na ɓacewa ya ɗauka ɓarna ce, ya toshe ɓarnar saboda tausayina.

Sabon magani yana cikin fulas. Ina iya musanyawa, in ce masa ya kyauta, in mayar da randa rumfa da wani uzuri, Yaya ba zai taɓa ji ba. Amma na san Baba. In na yabe shi yau, duk ranar da na sa ƙafa waje zai sake naɗe ta, har ya ƙara bargo.

Na zaunar da shi a bakin gadon Inna. Na fara yi masa allura da sabon maganin. Sannan na ɗebo ruwa na shafa masa a bayan hannuwansa biyu. Na rufe na hagu da guntun ledar nan, na ɗauki mafici ina yi wa duka biyun fifita.

"Baba, wanne ya yi sanyi?"

Ya ɗaga na dama. Ya kalle shi, ruwan har ya fara bushewa. Ya janye ledar daga na hagu, yana nan jiƙe, da ɗuminsa. Ya daɗe yana kallon hannuwan nan. Mutum ne mai kaifin kai, bai taɓa buƙatar a maimaita masa ciniki ba.

"Wato shanyewar ita ce sanyin," ya ce.

"Ita ce, Baba."

"Maganin fa?"

"Ya lalace."

Ya gyaɗa kai. Na yi sauri na ce ba komai, ga sabo, jikinsa zai dawo, kuma ba dole ne Yaya ya sani ba, daga ni sai shi sai Allah. Har rantsuwa na yi masa cewa ba zan ƙara kwana a waje ba, in aikin ne ma a kore ni.

Ya ce, "A'a. Kwana da kwanaki ina shigowa ɗakin nan ina duba ɗaurina, ina jin daɗin wayona, ashe kaina nake kashewa. Wanda ya kai nan ba a bar masa gida."

"Ai ina nan, Baba."

"Kina nan, kina tsufa a gindin randa. Kina zaton ba na jin ki da yamma kina mata magana?"

Ban san yana ji ba. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Inna. Bai rarrashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya jira na gama, sannan ya ce in hau tudun bayan makarantar allo inda waya ke kamawa, in kira Yaya, in gaya masa yadda aka yi ba ragi. Ya ce shi ya amsa sharaɗi da bakinsa.

Ranar kasuwa ta gaba Yaya ya turo mota. Maƙwabta suka karɓi awaki. Baba ya zagaya gidan shi kaɗai, ya leƙa rumbu, ya leƙa turke, ya tsaya a bakin rijiya. Da aka zo kulle zaure ya miƙa mini kwaɗon, ya shiga mota bai waiwaya ba. Muka kama hanyar Daura.

Gidan Yaya na siminti ne, da dogon gini da ƙofar ƙarfe, ba ka ganin komai sai sama. Na buɗe firji na ajiye kwalbar a jikin murfin na rufe. Shi ke nan aikin da na shekara ina yi, ko daƙiƙa bai ɗauka ba. Na tsaya a kicin ɗin ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Can aka kira la'asar, masallatai da yawa a lokaci ɗaya, ta kowace kusurwa. Baba ya yi alwala a bakin famfo ya shiga ɗakin da aka ba shi. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki da sallaya a hannu, ya juya nan, ya juya can. Mutumin da ko a tsakiyar daji bai taɓa tambayar kowa alƙibla ba.

Ya ce, "Uwata, ina ne gabas a gidan nan?"

Ni ma ban sani ba. Sai da na yafa gyale na fita na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta na tambaya.