Yatsa Huɗu Tsakaninta da Ƙasa

Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi a makarantar garinmu, kuma duk abin da na tsinta a cikin littattafan bai wuce guda ba: babu daular da maƙiyi ya rusa shi kaɗai, sai da wani mai son taimako ya riga shi sassauta tubali. Na sha faɗin wannan a aji, ana rubutawa. Ban san zafinsa ba sai da Kawu ya taimaki motar Yaya.

Yayana a Saudiyya yake aiki. Wani hutu da ya zo, ya sayo wata 'yar mota ta hannu, ja, mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne ana naɗe shi baya. A bayan lori aka kawo ta daga Sinja, aka ƙetaro da ita gadar tur'a, wato hanyar ruwan noma da ke bakin gari, aka sauke ta a tsakar gidanmu a kan katako biyu. Ba ta da nauyi. Maza shida suka ɗaga bayanta suka gyara mata tsayuwa kamar masu gyara gadon angareb. Na durƙusa na auna tsakanin cikinta da ƙasa: yatsa huɗu.

Ranar da zai koma, Yaya ya danƙa mini makulli da littafinta na Turanci.

"Ustaz, amana ce. Yadda na bar ta, haka nake so in same ta. Kar ta bar gari, kar kowa ya taɓa."

Na ce to. Da na san abin da "to" ɗin nan za ta ci, da na nemi a ba ni kwana uku in yi shawara.

Kowace Juma'a bayan la'asar sai in yaye mata tabarmin da na rufe ta da su a ƙarƙashin rumfa. In tayar da inji, in saurare shi, in zaga da ita filin ƙwallo sau biyu, in dawo. Ɓera ya ci wayoyinta sau uku, sau uku na bi su ɗaya bayan ɗaya, littafi a hannun hagu, ƙamus a kan gwiwa. Akuyar maƙwabta ta ɗanɗani rufin, na ɗinke da allurar buhu. Da lokacin canza baƙin mai ya yi, kaina ya ƙi shiga ƙarƙashinta, sai da na haƙa rami a tsakar gida na kwanta ciki, Inna tana kallona tana salati. Fulogi kuwa da tsohon buroshin haƙori nake wanke su. Ruwan tur'a bai taɓa shiga lagiretonta ba, don na san laka ce zalla. Wanda ke ɗiga daga gindin randa nake tara mata a kwano.

"Mota tana shan abin da ba a ba baƙo," in ji Inna.

Wannan duk ban yi fushi da shi ba. Ɓera ɓera ne, akuya akuya ce, babu wanda ya aika su makaranta. Kawu fa? Wan Inna ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa tarakta a gonakin aikin ruwa, saboda haka a ganinsa duk wani abu mai taya ɗan ƙanensa ne. Kullum da yamma yana ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanmu da tsofaffi, ana zuba gahawar jabana, ana yi wa duniya hukunci.

"Ustaz, yaya jikin kadangaren? Har yanzu ciki a ƙasa?"

"Haka aka ƙera ta, Kawu. Don gudu ne."

"Gudu zuwa ina, ya zol, bawan Allah? Mi ta ɗauka? Buhun dawa ɗaya ba ta iyawa. Mutum biyu! In kun haɗu da surukinku a hanya, a ka za ku aza shi?"

Tsofaffi su kwashe da dariya har da buga ƙafa. Ni kuwa in haɗiye, domin a garinmu wanda ya mayar wa kawunsa magana, shi ne mara kunya ko da littafi ya ba shi gaskiya.

A shekara ta biyar aka kira mu Sinja duba takardun jarrabawa, mako uku. Na rataye makulli a ƙusa bayan ƙofar Inna. Na manta cewa Inna ba ta taɓa ce wa wanta a'a ba tun suna yara.

Ran da na dawo, tun daga zaure na ji warin albasa.

Ban gane ta ba da farko. Ta yi tsawo kamar an ɗora kaza a kan ƙafafun raƙumi. Kawu ya kira mai walda daga garin Suki, sun cire mata sifirin ɗinta huɗu, sun sa na wata tsohuwar mota masu tsawo. Sun sa tayoyi masu kauri, da suka ƙi shiga sai suka yanke bakin ƙarfen da ke rufe su. A bayanta, a kan jan fentin da nake gogewa da tsohon rawanina, sun kafa ragar ƙarfe ta ɗaukar kaya. Ɓawon albasa har cikin mazaunin giya.

Ga Kawu nan ya shigo yana fara'a, da mutum biyu a bayansa don su shaida godiyar da zan yi.

"Ka ga aiki? Gayya muka yi mata, ko sisi ba ka biya. Ranar kasuwa na kai ta Suki da albasa buhu huɗu, na dawo kafin azahar. Wallahi tana da zuciya, ƙafafu ne ba ta da su."

"Kawu, wa ya ce a taɓa ta?"

"Wa zai ce? Shekara biyar ina kallonka kana wahala a rami kamar gafiya. Tausayinka na ji."

"Amana ce, Kawu."

"To ai ga ta nan. Ta ragu ne? Ƙaruwa ta yi."

Wannan "ƙaruwa ta yi" har yau in na tuna sai na ji haƙorana sun haɗu. Da ɓarawo ne, da na kai shi gaban hukuma. Da maƙiyi ne, da na san addu'ar da zan yi. Amma mutum ya yanka maka amana da wuƙar walda, sannan ya tsaya yana jiran ka ce Allah ya saka da alheri, kuma uwarka tana bayan ƙofa tana yi maka ido ka faɗa! Na faɗa. Ban taɓa furta addu'a da baƙin ciki irin na ranar ba.

Wata bakwai na yi ina mayar da ita mutum. Sifirin ɗinta na asali sai da na bi gari ina nema kamar mai cigiyar tumaki. Biyu na same su a shagon mai walda. Ɗaya yana ƙofar garken Kawu, an ɗaure shi yana mayar da ƙyaure. Na huɗun matar Kawu ta ɗora tulu a kansa, kuma ta ce ba ta taɓa samun abin da ya zauna wa tulun nan daidai kamarsa ba, sai da na saya mata kujerar ƙarfe. Ragar na yanke ta da zarto, hannuna ya yi kanta. Inda suka yanke ƙarfe na sa aka liƙa, na goge da takardar yashi, na shafa fenti sau uku har ya yi kusa da launinsa. Warin albasa ya ƙi fita sai da na turara mata turaren Inna. Duk watannin nan gaisuwata da Kawu ba ta wuce "lafiya lau" ba. Shi ko a jikinsa. Kullum sai ya leƙo.

"Ustaz, ana mayar da ita rarrafe?"

Ran da na sauke ta daga jak na durƙusa na auna. Yatsa huɗu. Na daɗe a durƙushe.

Yaya ya dawo da Babbar Salla. Ya zaga ta sau biyu, ya shafa bayanta, bai ga tabo ba. Ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya.

"Ustaz, ka riƙe amana. Shigo, yau sai bakin kogi a Suki."

Na shiga. Muka naɗe rufi, muka wuce dalbejiya a hankali don tsofaffi su gani da kyau. Ban kalli Kawu ba, amma na tabbatar ya kalle ni.

Gadar tur'a bututu ce aka binne da ƙasa, ta yi tozo. Tayoyin gaba suka hau, suka sauka. Sai muka ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinmu. Ta zauna a kan cikinta, tayoyin baya suna juyawa a iska. Yaya ya sa giyar baya, ya sa ta gaba, ya kashe inji.

Maza shida aka kira suka ɗauke ta. Kawu ne ya riƙe ɓangaren dama, yana ba da umarni. Da suka ɗaga sai ya tambayi Yaya, cikin ladabi, ta wane gefe za a sauke. Yaya ya dubi hanyar Suki, ramukan da taraktoci suka bari tun damina, ya ce a mayar da ita ta gefen gida.

Shekara shida ke nan tana ƙarƙashin rumfarmu. Rana ɗaya ta taɓa ƙetare gadar nan da ƙafarta, kuma albasa ta ɗauka.