Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Shaguna uku na gina a jere kusa da kasuwar Diffa, da ribar tattasan da na yi shekaru ina saye a bakin kogin Komadugu. Su ne tanadin tsufana. Wajen gini na yi wayo: na ce wa magini ya tsayar da bangon tsakani kamu biyu kafin kwano. Bulo ya ragu, iska kuma za ta zaga.

Shagon gabas wata Hajiya Babarbariya ta kama, mai turaren wuta da humra. Saboda ita mata ke shigowa layin, telan da ke shagon yamma ma da cinikinta yake ci. Na tsakiya ya yi wata huɗu a rufe, har wani abokina daga Baruwa ya nema don ajiye niƙaƙƙen tattasai. Ban yi tunani sau biyu ba na miƙa masa makulli.

Sati uku bayan haka Hajiya ta aiko a kira ni. Na tarar ta ajiye kasko da garwashi a ƙofa.

"Zauna, Alhaji. Yau kai ne amarya."

Ta barbaɗa turare. Ƙamshi ya tashi, sai wani abu ya shaƙe ni. Na yi tari har hulata ta faɗi.

"Haka dangin ango suka yi jiya a Bosso da amarya ta kunna turarena," in ji ta. "Shekara ashirin ina haɗa turare, ba a taɓa dawo mini da kwalba ba sai yau. Ƙarshen wata zan kwashe kayana."

Na ɗaga kai na ga jan garin tattasai kwance a kan bangon nan nawa, yana zubowa kan tasoshin da take shanya haɗi. Idan ta tashi, tela zai bi ta, a bar ni da layin da ba mai shiga sai da hanci a toshe.

Ban yi gardama ba. Na ce laifin bangona ne, ta ba ni kwana biyar. Abokina na lallashe shi ya mayar da tattasansa mangaza, ɗakin ajiyar da ke bayan gidana, ni na ɗauki nauyin amalanke. Ya yi gunaguni, ya ce na fifita turare a kan abota. Na ce masa tattasai ko'ina aka ajiye shi mai saye zai bi shi. Magini ya dawo yana dariya, ya cike gurbin da bulon da na hana shi sakawa, aka wanke shagon sau uku. Haɗin da ya lalace na saye duka.

A rana ta shida ta sake kunna kaskon. Muka zauna, ni da ita da tela, muna jiran tari. Bai zo ba.

"To, Alhaji," ta ce, "wa za ka saka a tsakiya yanzu? Mai bandar kifi?"

Mai atamfa na saka. Amma sai da na kawo shi gabanta ta shinshina kayansa.